Takardar Yaye ta Malam Uwaisu

Malam Uwaisu gajere ne, mai saurin fushi, kuma a duk Sharada ba mai gyaran injin da ya kama ƙafarsa. In ya kasa kunne sau ɗaya, zai gaya maka inda ciwon injin yake. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu koyar da sana'a, ni ne magatakarda, don haka na sha faɗansa har na ƙoshi.

Burinsa ɗaya ne: kamfanoni su yarda da takardar yaye da ƙungiya ke ba wanda ya gama koyo, su ɗauke shi aiki. Shekara huɗu yana yawon ofis-ofis a kan keke, manajoji suna shanya shi a benci. A 1983 wata masaƙa a Bompai ta ce a kawo mutum ɗaya ta gwada. Malam ya zaɓi Inuwa, magidanci mai 'ya ɗaya, wanda ya shekara bakwai a hannunsa. Da kansa ya buga wa takardar hatimi.

To, a rumfunanmu muna da wata al'ada. In aka ɗauke wuta mun san sai yamma, kuma Malam ya tsani zaman banza. "Wuta ta tafi, a share injin!" Haka yake daka tsawa, kowa ya zura hannu cikin haƙoran ƙarfe yana kwaso datti. Ba mai tunawa da kashe makunnin injin. Dukanmu haka muke koyarwa, har da ni.

Ashe masaƙar tana da janareta mai tashi da kansa. Kwana tara da fara aikin Inuwa, aka ɗauke wuta da hantsi. Sauran ma'aikata suka ja da baya. Shi kuwa, don kada ya ba ubangidansa kunya, ya naɗe hannun riga ya zura hannun damansa cikin injin zai share. Injin ya tashi.

Ni da Malam muka je asibiti. An yanke hannun daga gwiwa. Malam, da bai iya tausayi ba sai da faɗa, ya fara tun daga bakin ƙofa: "Kai wane irin sakarai ne? Wa ya aike ka?"

Inuwa ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Malam, ai an ɗauke wuta ne. Yadda kuka koya mini na yi."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Malam a ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kanmu haka ba.

Masaƙar ta aiko cewa ba ta sake karɓar takardarmu. Malam bai je ba da haƙuri ba. Ya kawo mini hatimin ya ajiye a kan tebur, ya sallami masu koyo goma sha ɗaya da ke rumfarsa.

Da Inuwa ya warke, sai ya kafa teburin goro a ƙofar masaƙar. Malam ya ƙara shekara biyar a duniya, kuma wannan mutumin da bai taɓa shakkar manaja ba, bai sake bi ta wannan titin ba har ya rasu.