Mai Gaida Mutanen Tungar Baushe

Hannatu na zaune a benci tana jiran a gama wanke mata mota, a wata sabuwar unguwa ta bayan Gusau, sai ga wani tsoho ya tsaya a bakin simintin da ake wankin a kai. Dogo ne siriri, da malfa mai yagaggen baki da sanda irin ta makiyaya, amma ko akuya babu a bayansa.

Ya tuɓe takalman roba ya jera su gefe. Ga shi nan hannuwa a ɗage, baki na motsi, idonsa a ƙasa inda ruwan kumfa ke gangarawa kwata. Mai wankin ko injinsa bai kashe ba, da alama ya saba ganinsa.

"Baba, lafiya?" in ji Hannatu.

"Lafiya lau, ɗiyata. Gaisuwa na zo. Wanga wuri maƙabartar ƙauyenmu ce, Tungar Baushe. Innata na nan, da matata, da 'ya'yana biyu." Ya nuna ƙarƙashin tayar motarta da sanda, sai kuma ya yi jim. "Ko kuwa can ne. Da wata tsamiya nake gane wurin, sun sare ta."

Wataƙila tun da gari ya haɗiye ƙauyen aka yanka gonaki filaye, kowa ya kama gabansa. Wataƙila shi kaɗai ya rage mai tuna sunan.

Ya zura jiƙaƙƙun takalmansa ya wuce.

"Madam, an gama," in ji mai wankin.

Hannatu ta tsaya da makulli a hannu tana duban simintin. Ta rasa ta inda za ta fitar da motar ba ta taka wani ba.