Mai Agogo da Sunayen Ƙauyensu

Jiya ƙamshin gurasa ya taso daga tanderun maƙwabta, sai tsohon nan mai gyaran agogo ya faɗo mini a rai. Ya sauka Tudun Wada tun jirgin ƙasa yana baƙo a Zariya. In muka ce masa Bakwara, wato Balaraben nan ɗan kasuwa, sai ya ɓata rai ya ce, "Ni mutumin Armeniya ne!" Ni kuwa, babban masani da karatunsa ya tsaya a aji biyu, na ɗauka wata unguwa ce a bayan Makka.

Wata la'asar ya zana mini ƙauyensu a ƙasa da tsinke. Ga dutsen da ƙanƙara ba ta sauka daga kansa, ga gidaje rabinsu a binne, tanderu a tsakar ɗaki, shanu na kwana da mutane saboda ɗumi.

Na ce, "Baba, tsakani da Allah, ku mutane ne ko gafiyoyi?"

Ya yi dariya har da tari, sannan ya shiga kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya da sunan masu su. "Malam, maimaita. An kashe wasu, an kori saura. In na mutu ba mai kiransu."

Gari guda cur a ƙirjin tsoho ɗaya!

Na maimaita, harshena yana karya su. Ya ce ko a karye, in riƙe. Yau tara suka rage mini, na kuma ɗora wa jikokina. Allah Ya sa wata rana wani baƙo ya ji su ya ce, "Wannan gidanmu ne."