Ranar da Inna Ta Nemi Gyara a Cinikin Gida

"To, ina gyarana?"

Haka Inna, mahaifiyata, ta tsare Malam Tanko magini, bayan mun gama cinikin gidan ƙasa mai ɗaki biyu da ya gina a wajen Bebeji. Lokacin ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu, damina ta kusa, matata kuma na da tsohon ciki. Ni ko rumfa aka ba ni zan karɓa.

Ya ce, "Inna, gida fa kika saya, ba gyaɗa ba."

Ta ce, "Mai gyaɗa ma tana jin kunya, balle kai mai gemu. Ka ƙara mini rumbu."

"Rumbu? Sai dai akurki."

Ina ta yi mata tari don ta bari, ta ce in je in sha ruwa.

Ya gina akurkin yana ƙunƙuni.

Da ruwa ya sauka sosai, rufin ya dinga yoyo, har bango ɗaya ya zauna. Muka kwashe mai jego da jaririya zuwa maƙwabta. Kaji kuwa ko ɗigo bai taɓa su ba.

Inna ta sa aka kira shi, ta ce, "Sannu da aiki, Malam Tanko. Ashe kaji ka gina wa gida, mu ne gyaran."

Washegari ya dawo ya tada bangon kyauta.

Na tuna ne yau da na ji masu sayar da gidaje suna alkawarin kyautar fanka. Ku da kuka saya, gidan ne ya yi ƙarko, ko kyautar?