Auduga a Kafaɗar Yaya

Yayana maɗinkin riga ne a Gwandu, kuma ba don ɗan'uwana ne nake faɗa ba, a unguwarmu babu hannun da ya kama ƙafar nasa. Idan ya gama aska takwas a kan saƙi, sai ka ga dattawa suna juya rigar ciki da baya suna neman inda zare ya kauce, su gaji su bari. Ya girme ni da shekara tara. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uban gida, da allurarsa muke ci, ni da Inna da matarsa da 'yarsu ƙarama. Ni a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina karatu a zaure, ina ɗan noman da ba ya kai mu ko'ina, ina kuma ganin duk garin babu mai wayona. Wayon nan nawa shi ya ci hannun Yaya. Abin ya faru kamar shekara shida kafin 'yancin kai.

Tabo ne ya fito masa a bayan kafaɗar dama, faɗinsa kamar bakin ludayi, ya fi sauran fatar haske. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ko zufa ba ta tsattsafowa a wurin. Matarsa ce ta fara gani. Inna ta duba ta ce ƙyasfi ne, ta yi ta shafa masa saiwoyi wata uku, tabon bai ko gezau ba. Da matar ta je ganin gida Kalgo ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa uban.

Surukin Yaya masunci ne, mutum mai magana ɗaya. Ya aiko cewa a wajensu akwai malamin asibiti da ya iya duba irin wannan tabo, akwai kuma wata ƙwaya da aka fara bayarwa mako-mako, shi da idonsa ya ga wanda ya sha tabonsa ya ɓace. Ya ce Yaya ya zo a duba shi. Iyakar saƙon ke nan. Yau da na tsufa, na juya maganar ta kowace fuska ban sami zagi a cikinta ba. Amma ranar, mu abin da muka ji shi ne mai kamun kifi ya buɗi baki ya kira 'ya'yan malaman Gwandu kutare.

"Mu za a ce ma hakanga?" in ji Inna. "Gidanga ba a taɓa yin shi ba, tun kakannin kakanni."

Ba ta ambaci sunan cutar ba. A gidanmu ba a cewa kuturta, sai dai a ce babban ciwo, a yi ƙasa da murya. Kuma kada wani ya ce tsoronmu na banza ne. Mun san abin da garinmu yake yi wa kuturu. A ware masa akushi, a ware masa buta, a masallaci a bar masa gefen sahu, mutanen da ke karanta hadisan tausayi da safe su ne za su naɗe hannu cikin riga in ya miƙo nasa. Wa zai sa rigar da kuturu ya yi wata biyu yana riƙe da ita a cinya? Ƙwayar kuma ba a ɓoye ake ba da ita ba, layi ake yi a gindin itace da rana tsaka, duk mai wucewa kasuwa ya ƙirga fuskoki. Ƙin zuwa ma ba zai yiwu ba, don ƙin zuwa amsa laifi ne, kuma muna tsoron surukin ya ɗauke 'yarsa.

Ni na je wajen wani wanzami da ya taɓa raka mutum irin wannan dubawa, na yi ta zagaye-zagaye kamar hira ce kawai, har ya bayyana mini yadda ake yi. Ya ce ba wani abin kirki ba ne. A rufe wa mutum ido, a murɗa auduga ta yi tsini, a riƙa taɓa shi da ita, wani lokaci a kan tabon, wani lokaci a gefe. Duk sa'ad da ya ji, ya ce ya ji. In ƙyasfi ne ko makero, fata tana ji. In babban ciwo ne, wurin ya mutu.

Da hantsi muka shiga ɗakin Inna mu uku. Ta ciro auduga daga cikin wadda take kaɗi, na ɗaure wa Yaya ido da rawaninsa. Ta taɓa wuyansa, ya ce ya ji. Ta taɓa kafaɗar hagu, ya ce ya ji, har da dariya wai tana yi masa cakulkuli. Sai ta taɓa tsakiyar tabon. Shiru. Ta sake. Ta sake na uku, har tana dannawa.

"Kun tsaya ne?" in ji Yaya. "Ku ci gaba mana."

Inna ta ajiye audugar a kan tabarma. Na kwance masa ido, ya dubi fuskokinmu. Wannan nake so mai karatu ya riƙe: mun sani. Ba jahilci ya kashe mu ba, kamar yadda 'yan boko suke son faɗa in ana maganar mutanen da. Mu uku mun sani sarai, tun kafin mu taka ƙafa zuwa Kalgo. Inna ta share ido da gefen zane ta ce ƙyasfi ne mai taurin kai. Ni kuwa nan take wayona ya motsa.

Ina da tasbaha ta itace da na gada wajen mahaifinmu, 'ya'yanta manya, in ɗaya ta faɗa kan 'yar'uwarta sai ka ji ƙas. Na ce da Yaya zan zauna kusa ina jan tasbaha. Duk lokacin da auduga ta taɓa shi zan saki ƙwaya ɗaya, shi kuma ya ce ya ji. In ba a taɓa ba, zan riƙe. Wa zai hana ɗan malam zikiri? Yaya ya ce anya. Inna ta ce ya yi wa Allah ya rufa mata asiri. Kwana biyu muna gwadawa har abin ya zauna, ni ina ta murna kamar na ƙirƙiro jirgin sama.

Muka baza a unguwa cewa za mu gaida kawunmu a Dangoma. Kwana biyu muka yi a hanya. A Kalgo surukin ya raka mu har ƙofar ɗakin shan magani, ya tsaya waje saboda kunya. Malamin asibitin ba tsoho ba ne, siriri, mai sanyin magana, da ganin yadda ya wanke hannu ya zauna ka san ba mai gaggawa ba ne. Ya kai Yaya bakin taga inda haske yake, ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya rufe masa ido ya murɗa auduga. Na zauna a ƙasa jikin bango inda nake ganin hannunsa, na fara motsa baki.

Ya taɓa, na saki, Yaya ya ce ya ji. Ya taɓa tsakiyar tabon, na saki, Yaya ya ce ya ji. Mutumin ba wawa ba ne. Sau biyu ya kai hannu kamar zai taɓa sai ya tsaya a iska, ni kuma na riƙe ƙwayar gam, Yaya ya yi shiru. Ya kama gwiwar hannun Yaya ta dama ya lalubi wata jijiya ya murza, Yaya ya ɗan zabura. Ya tambaye shi ko ƙaramin yatsansa yana yin barci wani lokaci. Yaya ya ce a'a, alhali a hanya ya gaya mini yatsan yakan yi masa kamar ba nasa ba. Sau ɗaya malamin ya waiwayo ya dube ni. Sai na ɗaga murya da istigfari. Baki yana neman gafarar Allah, yatsu suna shirga ƙarya, kuma ko gabana bai faɗi ba.

Ya ce tunda fatar tana ji, zai ɗauke shi a matsayin ƙyasfi tukuna, amma jijiyar nan ba ta kwanta masa a rai ba. Ya ba da man shafawa. Ya ce in wata uku ya cika tabon bai tafi ba, ko yatsa ya fara mutuwa, mu dawo ba tare da jinkiri ba, don ciwon in an tare shi da wuri ba ya taɓa hannu. Ya maimaita wannan har sau biyu. Da muka fito, rabin farko na maganar malamin kawai na gaya wa surukin. Bawan Allah ya riƙe hannun Yaya yana ba shi haƙuri, ya sa aka dafa mana kifi mai yawa. Na ci na ƙoshi, ina kallonsa ina jin na rama mana. A gida Inna ta dafa kaina ta sa mini albarka, ta ce ni ne na tsare mutuncin gidan ubana.

Ba mu koma ba. Wata uku ya wuce, shekara ta wuce, tabo ya zama uku, Yaya ya daina cire riga ko a tsakar gida. Cikin shekara ta uku, wata safiya yana ɗinkin farar rigar wani ango, sai ya ƙwala wa matarsa kira yana faɗa, wai wa ya tofa masa goro a kan aiki. Muka zo muka ga jajayen ɗigo sun bi layin ɗinkin tun daga wuya har aljihu. Ba goro ba ne. Allura ce ta yi ta shiga yatsansa tana fita bai sani ba. Kafin damina ta zagayo yatsu biyu sun lanƙwashe, allura ta riƙa zamewa tana faɗuwa, ya yi ta lalube a kan tabarma. Garin da muka yi wa ƙarya bai buƙaci auduga ba, ido ya ishe shi. Aka daina kawo ɗinki. Aka ware akushin, aka bar masa gefen sahun. Duk abin da muka guda ya same mu cif, sai dai ya same mu babu hannun.

Sannan tabo ya fito wa 'yarsa a cinya, tana da shekara bakwai. Uwarta ba ta nemi shawarar kowa ba, ba ta ko yi wa Inna sallama ba, ta saɓi yarinyar ta hau motar kasuwa sai Kalgo. Bayan mako biyu Yaya ya ce in raka shi ɗakin shan maganin Kalgo. Malamin nan dai muka tarar. Ya juya hannuwan Yaya a cikin nasa, ya ce ƙwayar za ta kashe cutar, za ta kuma hana ta kama wani a gidan, amma abin da ya riga ya mutu ba ta tayar da shi. Ya tambayi abin da ya hana mu dawowa. Yaya ya ce ƙaddara. Ni kuwa, da malamin ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar ta sha ƙwayarta ta warke tas. Yau tana da jikoki, yatsunta goma cur, ko ita ba ta iya nuna inda tabon yake. Duk sa'ad da na ga tana tsince shinkafa sai raina ya ɓaci, don ina ganin abin da Yaya zai samu da na bar bakina da hannuna sun huta rana ɗaya. Inna har ta koma ga Allah tana cewa sammu ne maɗinka 'yan baƙin ciki suka yi masa. Na yi fushi da ita shekaru, na yi fushi da garin, har yanzu ban huce da garin ba. Amma Inna kuka kawai ta yi, dabarar tawa ce.

Yaya ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan haka. Cutar ta mutu, hannuwan suka ci gaba da lalacewa, yau ƙuna, gobe miki, har ya zama mutumin da manya ke jiran layinsa ba ya iya ɗaure mazagin wandonsa. Matarsa da ta dawo takan yi masa, in ba ta nan ni nake yi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba ko da wasa, kuma wannan shirun ya fi komai ci mini rai. Wata Juma'a, ina durƙushe a gabansa ina ɗaure masa wando za mu masallaci, abin ya taso mini. Na ce Yaya, ni na yi maka wannan, ka faɗa mana ko sau ɗaya. Ina magana ina jan mazagin da ƙarfi ban sani ba.

Ya sunkuyo ya dube ni, ya ɗora dungun hannunsa a kaina.

"Sassauta, ƙanena," ya ce. "Nan wurin ina ji."