Ranar Da Goggo Ta Dafa Mini Jarrabawa

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na kare bincikena na shekarar ƙarshe a jami'a. Zamanin da arzikin mai ya buɗe ne, sashenmu na nazarin halittu cike da sababbin na'urori, wasu ko akwatinsu ba a ɓalle ba. Ni kuwa da yumɓu na yi nawa aikin, a tsakar gidan Goggona a Tudun Wada.

Tambayar da malamina ya ba ni ita ce: ƙwayoyin halittar ɗan tayi duk iri ɗaya suke farawa, to yaya wata ke zaɓar zama tsoka, wata ƙashi? Sai na gina ɗan tudu a kan katako, na yi masa kwari mai rabuwa biyu, hagu tsoka, dama ƙashi. Busasshiyar gurjiya ce ƙwayoyina. Wata biyu ina tsince masu girma ɗaya, ina gangaro su, suna rabuwa kusan rabi da rabi. In baƙon farfesan da aka gayyato bai gamsu ba, sai na maimaita shekara.

Da safen ranar na leƙa ƙwaryar gurjiyata, wayam! Sai ga Goggo da kwano yana tururi, tana washe baki.

"Ungo, 'yar nan. Na ga kin tsince su tsaf, na ce guzurin jarrabawa ne. Har 'yar kanwa na sa."

"Goggo, karatuna kika dafa!"

"To, ai zai fi saurin shiga," in ji ta.

Kuka nake ina dariya. Ba lokacin neman wata, haka na faɗa tasi, katako a cinya, kwano a hannu.

A gaban farfesa na saki ta farko. Ta gangaro kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta maƙale a bakin kwarin hagu. Ta biyu ta buge ta, ta yi dama. Ta uku ma dama, duk dama. Malamina ya rufe fuska da takarda. Ni kuwa tsabar tsoro ya sa dariya ta kama ni, ina ta cije leɓe.

Farfesa ya taso ya ce in sake. Wannan karon ta farkon ta toshe dama, sauran suka bi hagu. Sai ya buga tebur.

"Busassunki kowacce kanta ta sani. Waɗannan kuwa suna jin maƙwabtansu!"

Ya ce yana kyautata zaton haka ƙwayoyin ɗan tayi suke yi, har ma ƙwayoyin garkuwar jiki, ba sa tashi yaƙi da cuta sai sun ji saƙo daga 'yan'uwansu. Ya yi ta jefo tambayoyi, bakina ya buɗe, ina amsawa kamar an kunna rediyo. Can ya ce wa ya ba ni dabarar tausasa su.

"Goggona ce, ranka ya daɗe. Ta ɗauka abinci ne."

Ɗaki ya kece da dariya. Farfesa ya sa hannu a kwano ya jefa ƙwayoyina uku a baki, sannan ya sa hannu a takardata. Na ci!

Amma a hanyar gida kunya ta kama ni. Wata biyu Goggo tana wuce ni a tsakar gida, ban taɓa gaya mata abin da nake yi ba, don na yanke a raina cewa ba za ta gane ba. Ranar na koyi daina raina wanda bai shiga aji ba, domin da na zaunar da ita na yi mata bayani, ban kai ƙarshe ba ta katse ni.

"Wannan shi ne karatun? Ai ko 'yan biyu a ciki, inda ɗaya ya kwanta ɗayan ba ya kwanciya."