Ranar da aka hana Maame Bentsiwa waƙa

Maame Bentsiwa mai kyafa kifi ce a bakin tekun Cape Coast. Shekara arba'in ita ke katse wa'azi a tsohon cocinmu na Metodis. Haka al'adarmu take: idan maganar fasto ta ratsa zuciya, sai tsohuwa ta miƙe ta cafe kalmar ta mai da ita waƙa da harshen Fante, mata su amsa da tafi, fasto ya jira har su gama.

Wata Asabar sai ga Owura Hayford, dattijon coci, a gaban murhunta, ya toshe hanci da hankici.

"Maame, gobe muna da baƙi daga ƙasar waje, za su ga ginin da kaburburan dā. Ki taimaka ki zauna a baya. Kuma ban da waƙar nan."

"Kwamena!" ta kira shi da sunan yarinta. "Ni ce zan koma baya? Ni da na goya ka a bencin cocin kana yi mini fitsari?"

"Maame, ƙaurin hayaƙi ne..."

"Hayaƙin da kuɗinsa ya sa wa cocin rufi? A lokacin bai dame ka ba!"

Ran Lahadi ta zo da farin zanenta, ta zauna can bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Sau uku fasto yana kai inda ya saba a tare shi, ya dakata, ya waiga. Shiru. Ya gyara tabarau ya ci gaba. Mu kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ana tashi, wata baƙuwa ta tambayi Hayford ina waƙar matan, wai kakarta ce ta ba ta labari, ita ta zo ji. Sai ga shi da gudu wajen Maame, taye na lilo a wuyansa.

"Maame, don Allah, ko baiti ɗaya. Su ɗauka a waya."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa'azi ya ƙare, ɗana. Me zan cafe? Maganarka?"

Ta gyara ɗankwali ta sauka matakala.

Yanzu a ƙaramin cocin masunta take sujada, mai rufin kwano. Mata goma sha ɗaya sun bi ta. Hayford ya aika mata wasiƙar ban haƙuri da Turanci, ita da ba ta karatu.