'Ya'ya Biyu a Takardar Likita

Ina yanka kifin da maigidana ya sayo a kasuwar Chow Kit, nan Kuala Lumpur, aka kira shi daga Kano. Ya ce innalillahi sau biyu, ya ajiye wayar, ya ce, "Yarinyar wajen Hajiya ce. Allah ya yi mata rasuwa da asuba."

Na ce Allah ya jiƙanta. Na ƙarasa yanka kifin, don yara ba su ci abinci ba.

'Yar farinmu ce. Tun yaye mahaifiyata ta ɗauke ta, shekararta goma sha huɗu a hannunta. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna tata ce, kuma ba ta yi mata kuka a gaban mutane. Lokacin korona ne, an rufe filin jirgi. Matan ɗalibai 'yan'uwanmu suka yi mini gaisuwa ta waya, ni kuma ina ce musu Hajiya ce abar tausayi.

Bayan wata uku na daina barci. Abinci sai na ga kamar aiki ne. Wanka ma sai na yi shawara da kaina. Ranar da na bar shinkafa ta ƙone ina zaune kusa da ita, maigidana ya kai ni wurin likitar ƙwaƙwalwa.

Likitar Bamaleshiya ce, da takunkumi, idanunta kawai nake gani. Turancina bai da yawa, shi yake fassarawa. Ta tambayi barci, ta tambayi ci, ta tambaya ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Na ce a'a. Ta ce 'ya'ya nawa. Na ce biyu. Ya faɗa mata biyu, don shi ma 'yar farinsa ce.

"An yi muku rashi kwanan nan?"

"Wata yarinya a gidan mahaifiyata."

Ta rubuta layi ɗaya. Ta ce ciwon damuwa ne, kulle ya jawo wa mutane da yawa. Ta ba ni ƙwaya guda kowace safiya, ta ce in riƙa zagaya ƙasan benenmu. A jirgin ƙasa muna komawa gida maigidana ya ce, "Kin ji, Maman yara, tafiya aka rubuta miki. Ni da na zata allura ce."

Na sha maganin, na yi zagayen. Barci ya ɗan dawo. Sauran bai motsa ba.

Zuwa na uku aka ce mutum ɗaya zai shiga, maigidana ya zauna a waje. Likitar ta buɗe takarduna na asibitin da na haifi auta. Ta ɗaga yatsu uku, ta ce nan an rubuta haihuwa uku. Ina ta ukun?

Na ce ba ta ukun ba ce, ta farko ce. Da ɗan Turancina na yi mata bayani. Ta ajiye biro. Sannan ta ce me ya sa ban faɗa ba tun farko. Na ce ba a faɗa.

"Ya sunanta?"

Na dubi ƙofa. Na san sunan, ni na zaɓa ma, aka ce kakarta ce ta zaɓa.

Ba ta matsa ba. Ta ce maganin zai ci gaba, amma za ta haɗa ni da wata mai zaman tattaunawa duk mako biyu. Ta ce kafin nan in rubuta wa yarinyar wasiƙa da harshena, ba wanda zai karanta, in fara da sunanta.

Na fito, maigidana ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta san uku ne."

Ya gyara takunkuminsa, ya ce mu tsaya unguwar Brickfields mu yi wa yara tapau, wato ƙunshin abinci.

Na yi zaman tattaunawar har muka baro ƙasar. Wasiƙar ta kai shafi huɗu, na ba ta labarin ƙannenta da ruwan saman Kuala Lumpur. Layin farko ne ban cike ba har yanzu.